Kibod da maus sun ƙi aiki bayan sabunta Ubuntu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sabunta Ubuntu, da na sake kunna kwamfutar sai ta tsaya wurin saka kalmar sirri, kibod da maus kuma ko motsi. Sun lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya su lalace tare a rana ɗaya. Sake kunna kwamfutar, ka riƙa danna F2 ko Del. In BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ke fitowa kafin Ubuntu ta tashi, ta buɗe kuma maɓallan kibiya suna tafiya, to kibod lafiyarsa ƙalau. In ko a nan ma shiru, sauya ramin USB, ka gwada baƙi maimakon shuɗi. Mara waya kuma, fara da batir.

In kibod ya yi aiki a BIOS, sau da yawa abin da ya faru shi ne sabuntawar ta katse, ko ta cire manhajar da ke miƙa saƙon kibod da maus ga fuskar hotuna, wato allon da ake sarrafawa da maus. Shi ya sa sau da yawa ko Ctrl+Alt+F3, haɗin maɓallan da ke buɗe allon rubutu zalla, ba ya amsawa. Mafita ita ce a tayar da kwamfutar ba tare da wannan fuskar ba, rubutu zalla.

Da ka kunna, riƙe Shift, ko ka danna Esc in UEFI ce (sabon nau'in BIOS), har jerin GRUB, wato jerin zaɓin tayar da kwamfuta, ya fito. Danna e. Nemo layin da ya fara da linux, ka je ƙarshensa, ka bar tazara ɗaya, ka rubuta systemd.unit=multi-user.target, sannan Ctrl+X ko F10. Kada ka ji tsoron ɓata wani abu, canjin na tashi ɗaya ne kawai.

Baƙin allo zai nemi sunanka da kalmar sirri. Ba za ka ga komai ba yayin da kake rubuta ta, ko tauraro ɗaya, haka tsarin yake. Jona wayar intanet, ko ka shiga Wi-Fi da nmtui, sai ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt -f install
sudo apt install --reinstall xserver-xorg-input-all

Biyun farko suna ƙarasa sabuntawar da ta tsaya rabi, na ukun yana dawo da manhajojin kibod da maus na Xorg, ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ke tafiyar da fuskar hotuna. Don Allah, in apt, mai girkawa da cire manhajoji, ya kawo jerin abin da zai cire, karanta shi kafin ka danna Y, nan ne mutane ke jawo wa kansu wannan matsalar tun farko.

Ka gama da sudo reboot. In har yanzu shiru, koma GRUB, shiga Advanced options, ka zaɓi tsohon kanel (kernel), wato zuciyar tsarin Ubuntu.