Sai Na Zama Likita Kafin In Jagoranci Harkar Lafiyar Al'umma?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce mai takardar CHEW (shaidar horon ma'aikatan lafiya na cikin al'umma), shekarata shida ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Rigasa, Jihar Kaduna. Burina in shiga sahun masu tsara harkar lafiya a jiha, amma ana ce mini kujerar ta likitoci ce. Shin haka ne, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Malama, masu wannan magana suna da ƴar hujja, domin yawancin manyan kujerun lafiya a ƙasar nan likitoci ne a kansu, sai dai sabo ne ya kawo hakan fiye da yanayin aikin. Tedros Adhanom Ghebreyesus, wanda yake shugabantar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017, ba likitan asibiti ba ne. Digirinsa na uku a fannin lafiyar al'umma ya yi shi, kuma abin da ya fito da sunansa sa'ad da yake ministan lafiya na Habasha, daga 2005 zuwa 2012, shi ne baza dubban mata ma'aikata irinki a cikin ƙauyuka.

Hanyar karatu a fili take. Daga CHEW sai kwas ɗin CHO (na zama jami'in lafiyar al'umma), wanda asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello suke bayarwa, sannan digirin farko, sannan digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, wanda shi ma ana yin sa a Zariya.

Amma takarda kaɗai ba ta shugabanci, kuma a nan ne nake so ki tsaya. Ki buɗe rajistar rigakafi ta asibitinku, ki ƙirga yaran da suka karɓi allurar Penta (mai kare yara daga cututtuka biyar) ta farko a wata shida da suka wuce, ki ƙirga waɗanda suka dawo har ta uku. Gibin da ke tsakanin lambobin nan biyu shi ne ainihin aikin shugaba, domin wajibi ne a gano ko nisa ne ya hana iyaye mata dawowa, ko zazzaɓin da yaro ya yi bayan allura ne ya tsorata su, ko maigida ne bai ba da izini ba, ko kuwa sun zo sun tarar allurar ta ƙare. Ma'aikata da yawa suna cike fom ɗin ƙarshen wata don kawai kada a kira su daga ƙaramar hukuma, alhali wadda ta iya karanta abin da ta cike, ita ake tunawa idan gurbi ya samu.

Ki kuma san hanyar kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wani kaso nasa yana shiga kai tsaye asusun ƙananan asibitocin da aka tantance. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255 a ƙananan hukumomi 23, don haka ana buƙatar masu iya rubuta tsarin kashe kuɗi da kare shi a gaban kwamitin mazaɓa.

Yardar jama'a kuwa, mu ƴan Arewa mun ga darajarta. Jita-jitar 2003 ta sa an dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohi, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta, kuma sai da sarakuna da malamai suka sa baki kafin a kai ga Agustan 2020, lokacin da aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Shekara shidan da kika yi kina gaisawa da mai unguwa, da liman, da ungozoma, jari ne da aji ba ya bayarwa.

Idan za ki tafi karatu, ki nemi izini a rubuce ta hannun shugaban asibitinku zuwa hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, kada ki motsa sai takardar amincewa ta shigo hannunki, domin da ita ne za ki nemi ƙarin girma bayan kin dawo.