Amsar Baffa Kan Dashen Itatuwa a Tsakar Gida

Ɗana, saƙonka ya iso, na ji daɗi ƙwarai da kuka tare a sabon gida. Allah ya sa albarka, ya haɗa ku da maƙwabta nagari. Ka ce kana son dasa itatuwa da 'yan ganyayyaki, amma tsofaffin unguwa sun hana ka tsamiya da kuka, sun ce ka fara dashe a wurin alwala, kuma 'ya'yan fari ba a cinye su a gida. Kana son sanin wanne ke da tushe, wanne camfi ne.

Zancen cewa tsamiya da kuka mazaunin aljanu ne, kada ka ɗora zuciyarka a kai. Amma hanin ka bi shi, don yana da dalili. Itatuwan fili ne, fuloti ɗaya ya yi musu kaɗan. Tsamiya in ta girma inuwarta kan rufe tsakar gida, ba abin da zai yi kirki a ƙarƙashinta. Bedi ma, wato dogon yaro, ka bar shi can ƙofar gida, don saiwarsa danshi take bi, tana ɗaga daɓe tana shiga sokawe.

Wurin alwala kuwa magabata sun yi hangen nesa. A Sakkwato ruwan sama daga Yuni ne zuwa Satumba, sauran watannin kai ne daminar iccenka, ga zafin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40. Iccen da ke inda ake zubar da buta sau 5 a yini ba ya jiran a tuna da shi. Sai dai ka bambance ruwa. Na alwala, na wankin shinkafa da na ɗauraye kayan miya duk alheri ne. Ruwan omo da bilic kuwa yana tara gishiri a ƙasa, sai bakin ganye ya ƙone kamar an haska masa wuta. Ka ja 'yar magudana daga wurin alwalar zuwa icce, tazarar kamar ƙafa 3, kada ruwa ya kwanta a jikin gindi ya ruɓar da shi. Lemun tsami da zogale sun fi dacewa da nan.

Yanzu dashen kansa. Ka bari damina ta zauna, wajen Yuli. Mako 2 kafin nan ka haƙa rami ƙafa 2 a faɗi, ƙafa 2 a zurfi. In ka tarar da marmara ka fasa ta da diga, in ba haka ba saiwa za ta dunƙule icce ya tsumbure. Ƙasar sama ka ware ta, ka cuɗa da bokiti 2 na takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe har ya daina wari, da ɗan toka, ka mayar cikin ramin. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma gayyato gara. Ka dasa da la'asar sakaliya, ka yanke ledar da reza ba tare da ƙasar ta wargaje ba.

Mangwaro ka sayi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani. Shi kan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye, kuma ba lalle ya ɗauko zaƙin uwarsa ba. Ka duba tabon auren a jikin kara: ya tsaya sama da ƙasa da kamar tsawon tafin hannu, duk tohon da ya fito ƙasa da tabon ka cire shi nan take, don na uwar gindi ne, in ka bar shi zai kashe auren. Ka nisanta shi da bango da masai aƙalla mita 5. Gwaba da rumman mita 3 ya ishe su, rumman ma ya fi kowa jure ƙishirwa.

Gwanda ana yawan kuka da ita, wai ta girma ta ƙi haihuwa. Mafi yawa namiji aka raina. Ka shuka 3 ko 4, in sun yi fure ka duba: namiji yana sako ƙananan furanni birjik a kan dogon sili, mace kuwa furenta babba ne yana manne da jikin kara. Ka bar namiji ɗaya, ka sare sauran mazan. Ba ta son ruwa ya kwana a gindinta, saboda haka ka ɗan tayar mata da ƙasa.

Ban ruwa a bazara: jarka ɗaya mai lita 20 ga kowane ƙaramin icce duk kwana 2, da asuba ko bayan la'asar. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta zauna a sama, ranar da aka yi fashi sai icce ya langaɓe. Ka yi masa zoben ƙasa, ka rufe da busasshen ganye ko buntun shinkafa, amma ka bar faɗin tafi tsakanin rufin da kara, ka zagaye da toka. Gara ba ta sallama. In ka ga ta yaɓa ƙasa a jikin kara ka kankare, ka ƙara ruwa, don iccen da ya galabaita ta fi ci. Mangwaron da ya isa haihuwa kuwa ka janye masa ruwa bayan damina har ya yi fure cikin hunturu, sai 'ya'ya sun ƙulla ka koma ba shi. Wanda ya yi ta ɗura masa ruwa a Nuwamba, ganye zai samu.

Tsutsar cikin gwaba wani ƙuda ne ke huda fata ya sa ƙwai. Wadda ta faɗo ka tsince kullum, ka ƙulle a baƙar leda ka ajiye a rana. Fararen ƙwari masu kama da auduga da ke maƙalewa bayan ganye kuwa, a daka rabin kilo na ƙwallon bedi, a jiƙa a lita 10 ya kwana, a tace, a fesa da yamma duk mako. In kuna kiwo, kafin dashe ka tanadi bulo ko ƙaya, akuya ɗaya tana gama aikin shekara kafin a idar da sallah.

Ganyayyaki na mai ɗakinka ne, ka ba ta kusa da madafa. Na'a-na'a a tsohon baho da aka huda gindinsa, inda rana ba ta dukansa bayan azahar. Ɗoɗɗoya a riƙa tsinke kanta da zarar ta fara fure, sai ta yi ta rassa. Zogale in ya kai ƙugu a datse kansa, kada ya zarce sama inda hannu ba ya kai. Lalle a jera shi gefen katanga, reshe ake dasawa da damina. Za ku ji daɗin ranar da aka tsinko na'a-na'a aka jefa a shayi ba a aiki yaro kasuwa ba.

'Ya'yan fari kuma, ba wajibi ba ne a addini, kuma ba abin da zai sami iccen in kun ci. Amma al'ada ce mai kyau, ina son ka riƙe ta. Ya tabbata a hadisi cewa Musulmin da ya dasa icce, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. In gwabarka ta nuna, ka fara da gidan da reshe ya leƙa, don su ke share ganyenta, sannan iyaye da almajiran unguwa. In reshen ya dame su, ka sare shi da kanka kafin su yi magana. Yaran unguwa kuma ka sa musu rana ka kakkaɓo musu, ya fi su yi ta jifa suna fasa maka kwano.

A wannan daminar kada ka wuce itatuwa 4: lemun tsami, gwaba, zogale da mangwaro ɗaya. In sun tsallake bazara, baɗi ka ƙara. Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.