Zan iya rage hasken fitilar shagona daga waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Marwa. Ina da batirin sola mai bolt 12 da zaren fitilun LED a shago, ƙanena kuma ya ba ni Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake loda wa shiri daga kwamfuta. So nake in riƙa ƙara haske ko rage shi daga wayata, don batirin ya kai ni dare. Zai yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam tela. Zai yiwu sarai, kuma ba ka bukatar data.

Arduino ba ya rage ƙarfin wuta. Kunna fitila yake yi yana kashewa, kusan sau 490 a daƙiƙa ɗaya, saurin da ido ba ya kamawa. Wannan dabara ita ake kira PWM. Kai dai lamba za ka tura daga 0 zuwa 255: a 255 fitila na kunne koyaushe, a 128 rabin lokaci take a kashe, don haka kusan rabin wuta take sha. Ga inda batirinka zai samu sauƙi. A jikin Arduino, ƙafafu (wuraren jona waya) masu alamar ~ kaɗai ke wannan aiki, wato 3, 5, 6, 9, 10 da 11.

Amma don Allah kada ka jona zaren fitilun kai tsaye a jikin allon. Ƙafa ɗaya miliamfa 20 aka so ta ɗauka, mita ɗaya na zaren kuwa ɗaruruwa yake ja. Nan take za ka ƙona shi. Nemi MOSFET, wato ƙaramin makunnin lantarki mai ƙafa uku, mai lamba IRLZ44N ya tsaya a tsakani. Ka riƙe shi rubutun na kallonka, ƙafafu na ƙasa: ta hagu ta tafi ƙafa ta 9 ta Arduino ta hanyar resisto mai om 220, ta tsakiya ta kama baƙar wayar zaren, ta dama ta tafi baƙin kan batir. Jar wayar zaren ta tafi jan kan batir. Sannan ka haɗa ƙafar Arduino mai rubutun GND da baƙin kan batirin, in ba haka ba komai ba zai motsa ba.

Ka duba lambar da kyau a gaban mai kaya. IRFZ44N kamarsu ɗaya, harafi guda ya raba su, amma bolt 5 ba ya buɗe shi sosai, sai ya yi ta zafi. A zafin Marwa na Afrilu wannan ba abin wasa ba ne. Haka kuma batirin sola kan haura bolt 14 lokacin caji, gara ka sa ƙaramin allon rage bolt na LM2596 ya sauko da wutar zuwa bolt 5 kafin ta shiga Arduino.

Ɓangaren waya shi ne mai sauƙi. Ƙaramin allon Bluetooth na HC-05, lambar sirri yawanci 1234, da manhajar Serial Bluetooth Terminal a Android. Yana kaiwa kamar mita 10. Idan ka jona shi a ƙafa 0 da 1 na Arduino, cire wayoyinsa daga nan duk sanda za ka loda shiri daga kwamfuta.

Tambaya: Daga Njamena nake. iPhone ɗina ba ya ganin HC-05 sam. Ya lalace ne?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, ɗan'uwa. iPhone ne ba ya karɓar irin tsohon Bluetooth ɗin da HC-05 ke magana da shi. Koma kan ESP32, wani allo irin Arduino: da Wi-Fi da BLE (sabon nau'in Bluetooth da iPhone ke karɓa) duk a jikinsa suke, kuma zai iya buɗe nasa Wi-Fi, ka shiga da burauza ka ja haske sama ko ƙasa. Ka dai tuna ƙafafunsa bolt 3.3 suke bayarwa, sai ka zaɓi MOSFET ɗin da ke buɗewa da hakan.