Bel ɗin Masu Ɗaga Ƙarfe: Amsar Baduku ga Yaronsa

Jiya muna rufe shago ka tare ni da tambaya. Ka ce, "Maigida, me ya sa mutumin nan mai ɗaga ƙarfe ya ƙi bel ɗin da ke rataye, mai faɗin baya da siririn gaba, ya ce sai an yanka masa mai faɗi ɗaya tun daga kai har wutsiya? Ba bayansa yake so ya kare ba?" Na ce maka sai da safe, don ba magana ce ta tsaye ba. To ajiye basillar nan, jawo kujera.

Miƙo min gorar lemon can da ba a buɗe ba. Matsa ta. Ka ji tauri? Yanzu ɗauki waccan da ka shanye, ka matsa. Ta lotsa. Roba ɗaya ce, kauri ɗaya, bambancin kawai abin da ke ciki yana tokare bango ko ba ya tokarewa. Haka gangar jikin mutum take idan ya saɓa ƙarfe mai nauyi a kafaɗa. Kafin ya tsuguna, sai ya ja numfashi ya cika ciki, ya riƙe, ya ɗaure tsokar cikinsa kamar wanda za a nausa. Wannan cikar ce ke tokare ƙashin baya daga gaba, ta hana shi lanƙwasa. Aikin bel shi ne ya zama bangon da cikin zai tura ya ji ya tsaya. Ka ga ke nan inda aka fi buƙatar fata shi ne gaba da gefuna, daidai inda wancan na rataye ya tsuke ya koma kamar na wando. Mutumin ya san abin da yake nema, ɗana.

Ni ma ba da sanin nan aka haife ni ba. Na farko da na taɓa ɗinkawa, a hoto na gani na kwaikwaya. Na yi masa baya fankacece, na cusa soso a ciki don taushi, na rufe da jar fatar akuya, na yi masa ado har da zane. Wallahi ya yi kyau, ni da kaina na tsaya ina kallonsa. Ba a yi wata guda ba mai shi ya dawo da shi ya ajiye min a kan tebur. Ya ce in ɗaura, na ɗaura. Ya ce in cika ciki in tura, na tura, sai na ji fatar tana bina, soson yana nutsewa, babu abin da ya tsaya. Ramukan da na huda duk sun ja sun yi tsawo kamar idon mage. Ban yi musu ba, na mayar masa da kuɗinsa, na roƙe shi ya zauna ya koya min abin da suke yi da shi.

Wasan nasu, wanda suke kira fawaliftin, ɗagawa uku ce. Akwai tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, su ce sukwat. Akwai turawa sama ana kwance a kan benci. Sai ɗauko ƙarfe daga ƙasa a miƙe da shi tsaye, su ce dedlif. Duk a hankali ake yin su, da nauyi mai yawa. Kada ka haɗa su da masu fizgar ƙarfe sama da kai irin na gasar Olamfik, waɗanda ke faɗawa ƙarƙashin sanda da sauri. Su waɗancan da yawansu sun fi son bel mai laushi wanda ya tsuke a gaba don kada ya tare su, kuma dokarsu ta yarda faɗi ya kai santimita 12. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa duk wanda ya shigo ita ce, wace irin ɗagawa kake yi? Wanda ya ce shi dai yana zuwa motsa jiki ne don ya rage tumbi, na ratayen ma ya ishe shi, kada ka ɗora masa tsada a banza.

Na fawaliftin kuwa yana da doka a rubuce. Hukumar wasan ta duniya, IPF, wadda aka kafa a 1972, ta ce faɗi kada ya wuce santimita 10, kauri kada ya wuce milimita 13. Jikinsa ya zama fata ko makamancinta wadda ba ta miƙewa, ko falle ɗaya ko an haɗa falle-falle da gam da ɗinki. Ba a yarda a cusa soso ko wani abin tokare a ciki ba, ka ga nawa na farko tun daga nan ya faɗi. Madaukin da wutsiyar bel ke shiga kada faɗinsa ya wuce santimita 5. Kan bel ɗin kuma, wato ƙarfen da ake ɗaurewa da shi, faɗinsa ta waje kada ya wuce santimita 13. Ga wani tarko da ke kama masu awo da inci: kowa cewa yake "mai inci huɗu", amma inci 4 cif ya ɗara santimita 10 da ɗan kaɗan. Don haka juya tef ɗinka ɓangaren santimita, ka yanka a kan 10 ko ƙasa da shi da ƙiris. Kaurin ma da shafin ciki ake auna shi, ba tsakiyar kaɗai ba.

Zancen fata shi ne namu, a nan zan daɗe. Fatar akuya da ta tunkiya, duk sunan da jar fatar Sakkwato ta yi a duniya, ba ta wannan aikin ba ce. Taushinta da ya sa ake son ta a jaka da takalmi shi ne aibinta a nan. Ƙirgin saniya ake so, mai kauri, wanda aka jeme da bagaruwa ko wani ɓawon itace, don irin wannan jimar tana barin fata da tauri da tsayuwa. Wadda aka jeme da sinadari a masana'anta ta fi laushi, ta fi saurin miƙewa, sai dai a sa ta a shafi. A jikin ƙirgin ma ba ko'ina ba. Ka yanka daga gadon baya, ka bi tsawon dabbar daga wajen kuturi zuwa kafaɗa. Fatar wajen ciki sako-sako ce, in ka sa ta za ta ja ta karkace, bel ya koma kamar lauje. Na san ƙirgi mai kyau yana wuyar samu yanzu, masu ganda sun riga mu zuwa mahauta, amma gara ka yi yawon kwana biyu a Ƙofar Wambai kana ɗagawa kana lanƙwasawa da ka kawo min wanda zai kunyata mu. In ka lanƙwasa ka ga fuskar ta tsage ko ta yi tamoji manya-manya, ajiye.

Da wuya falle ɗaya ya ba ka kaurin da ake so, don haka haɗawa za ka yi, biyu ko uku. Ka kankare fuskokin da za su haɗu su yi kaushi, ka shafa gam, ka bari ya sha iska, ka haɗa ka daddake da guduma, ka danne da nauyi ya kwana. Sannan ɗinki, layi-layi a gefe biyu da zare mai ƙarfi, don gam kaɗai ba ya jure gumi. Ciki kuma ka sa fata mai ɗan kaushi, irin bayan fata, saboda mai santsi zamewa take a kan riga, mutum yana tsugune bel ya haura masa ƙirji. Wasu na waje da ake kawowa da arha, ka duba bakinsu da kyau: fata siririya sama da ƙasa, tsakiya kuwa garin fata ne da aka cuɗa da gam aka danne. In ka sa farce yana marmashewa.

Kauri biyu ne suka fi yawa, milimita 10 da 13. Samari kowa 13 yake so, don a ce nasa ya kai maƙura. Ni ina ba yawancinsu shawarar 10. Yana saurin sabawa da jiki, yana tokarewa yadda ya kamata, kuma ba ya hana mutum sunkuyawa ya kama sanda a ƙasa. Na 13 kamar katako yake farkon zuwansa, yana iya ɗaukar watanni kafin ya bi jiki, yana barin shaida a haƙarƙari. Ƙato mai jiki wanda ya daɗe a harkar, nauyinsa ya yi nisa, shi zai ci moriyarsa. Yaro siriri da ya fara bara, wahala kawai zai saya.

Faɗin ma haka. Sa mutum ya tsaya, ka laluba ƙarshen haƙarƙarinsa da saman ƙashin ƙugunsa, ka ga tazarar da ke tsakani. Wani santimita 10 zai zauna daram. Wani kuwa, gajere ko mace, tazarar ba ta kai ba, in ka sa masa mai faɗi zai ciji haƙarƙari a sama, ya soki ƙugu a ƙasa da zarar ya sunkuya. Irin wannan ka yanka masa inci 3, wajen santimita 7 da rabi. Doka iyaka ta sa, ba ta ce dole a kai ta ba.

Awo kuma, kada ka kuskura ka karɓi lambar wando. Wando a ƙugu yake zama, bel ɗin nan a kan cibiya. Mutum zai ce maka 34 yake sawa, ka sa tef ka ga abin da ba haka ba. Ka auna shi a tsaye, a kan rigar da yake atisaye da ita, kada ya shanye ciki don kunya, kada kuma ya turo. Abin da ka samu shi zai faɗo a kan ramin tsakiya, ka bar ramuka huɗu ko biyar kowane gefe, tsakaninsu inci ɗaya. Ni nakan ƙara wasu a rabin inci idan mai shi ya nema, don sau da yawa rami ɗaya ya yi sako-sako, na gaba kuma ya matse. Dalilin barin ramukan kuwa, ciki ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ka auna kafin azumi ba shi ne zai zo maka ran ashirin ga wata ba, bayan Babbar Salla kuma wani mutum ne daban.

Wannan ne ma ya sa ba na gaggawar tura kowa ga mai liba. Kai iri uku ne: mai harshe ɗaya, mai harshe biyu, da mai liba wanda ake maƙalawa a danne ya ɗame gaba ɗaya. Mai liba yana da daɗi, daƙiƙa ɗaya ka ɗaure, daƙiƙa ɗaya ka kwance, amma yawancinsu a rami ɗaya ake ɗaure su da noti, in kana son sassauci sai ka nemo sukudireba. Ga shi mutane da yawa sun fi son ɗamewa a sukwat, sassauci kaɗan a dedlif. Akwai na kamfanin SBD na Ingila da libarsa ke canza rami ba tare da kwancewa ba, sai dai tsadarsa ba ta kowa ba ce. Liba mai arha kuma ƙarfen zubi ne, karyewa yake, wani lokacin ma mutum yana ƙarƙashin nauyi. Mai harshe biyu kyan gani ne kawai, ƙarfinsa bai fi na ɗaya ba a aikace, sai wahalar saita harsuna biyu da bel a ɗame, mutum yana haki. Ni harshe ɗaya nake so, mai kauri, da ƙarfe mai juyawa a bakin kan don fata ta zame ba tare da ta goge ba. Ka kafe shi da ƙusoshi, ka bi da ɗinki.

Akwai gaskiya guda da dole ka faɗa wa mai saye tun kafin ya ba da kafin alƙalami. A gasannin da ke ƙarƙashin IPF, cika awo kaɗai ba ya isa, akwai jerin kamfanonin da hukumar ta amince da kayansu, irin su SBD ɗin nan da Inzer na Amurka, mu kuwa ba ma ciki. Namu na atisaye ne da gasar da ba ta bin wannan jerin. In ya ce gasa zai shiga, ka ce ya fara tambayar masu shiryawa. Haka in ya ce maka bayansa ke ciwo shi ya sa yake neman bel, ko yana da hawan jini, ko ƙaba, ka ce ya ga likita tukuna. Riƙe numfashin nan yana ɗaga jini sosai na ɗan lokaci, fata kuma ba ta warkar da baya.

Ran da ya zo karɓa, kada ka naɗe masa a leda ya tafi. Ya ɗaura a gabanka, ya ja har inda yatsunka za su iya shiga tsakanin bel da ciki da ƙyar, ya cika numfashi ya tura. In numfashin ya ƙi shiga, ya matse da yawa, ya koma baya da rami ɗaya. Ya tsuguna, ya sunkuya kamar zai ɗauki abu a ƙasa, ka kalli inda bakin ke cizo. Ka gaya masa ya riƙa naɗe shi gaba da baya da hannu don ya saki, ya shanya shi a inuwa bayan atisaye, kada ya bar shi cikin jaka da gumi ya yi fumfuna da damina. Lokacin hunturu ya ɗan shafa man kaɗanya a fuskar waje, kaɗan dai, in ya tsoma shi a mai taurin da ya biya kuɗi saboda shi ne zai tafi.

Shi wannan na jiya ban auna shi ba, lambar wando ya faɗa ya fita da sauri. Kira shi a waya ka ce ya biyo bayan la'asar da rigar atisayensa. Kafin ya zo, shimfiɗa ƙirgin can na ƙarƙashin tebur, ka nuna min da alli inda za ka yanka, amma kada ka taɓa wuƙa sai na gani.