Tambaya da Amsa: Rauta ɗaya, kwamfuta uku, ga samarin layi a kan dakali

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Ina aiki da laftof ɗin ofis a gida, maigida ma yana da nashi, sai wata tsohuwar kwamfutar tebur da yara ke aikin makaranta da buga gem a kanta, duk rauta ɗaya muke amfani da ita irin mai sim ɗin nan, a wani shago muka saya wajen Ahmadu Bello Way yaron shagon ne ma ya saita mana komai. Toh yanzu datar wata ɗaya ba ta kai mu sati biyu, kuma na lura kullum bayan magariba samarin layi sai su cika dakalin ƙofar gidanmu kowa ya duƙufa kan waya, ga kwamfutar yaran kuma ta fara buɗe tallace-tallace da kanta ba wanda ya taɓa ta. Tsorona kar abin da ke cikinta ya tsallako cikin tawa don akwai takardun ofis. Ko dai kowa ya sayi nashi layin ne kawai a huta? Daga Maman Yara, Unguwar Dosa.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. A'a ba sai kin ƙara kashe kuɗi ba, rauta ɗaya ta ishe ku, gyara kawai take so.

Mu fara da samarin dakali. Kar ki yi saurin cewa kutse suka yi miki, sau da yawa ɗan gida ne ya bayar. Tun daga Android 10 waya tana iya nuna kalmar sirrin waifai a matsayin hoton QR, yaronki ya nuna wa aboki ɗaya ya ɗauka, shi kuma ya nuna ma wasu biyar, shikenan zance ya fita layi, ba wanda ya ma san kalmar da baki amma kowa na ciki.

Ki ɗaga rautar ki duba ƙasanta ko bayanta, akwai 'yar takarda manne. Za ki ga adireshi na lambobi, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu kuma musamman na Huawei 192.168.8.1. Ki rubuta shi a burauza kamar za ki shiga wani shafi, zai kai ki cikin saitin rautar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kalmar sirri biyu ce a rauta, akwai ta waifai wadda ake ba mutum ya hau, akwai kuma ta shiga wannan saitin, wadda a na'urori da yawa admin ce kawai tun daga kamfani kuma haka ake barinta har rautar ta mutu. Duk wanda ya hau waifai ɗinki kuma ya san wannan, to ya zama mai gida, zai iya canza komai har ke ya kore ki. A 2016 haka wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban rautoci da kyamarori a duniya, ba wata dabara ta yi ba illa gwada kalmomin da kamfani ya saka waɗanda masu kayan ba su canza ba. Ki canza kalmomin sirrin nan duka biyun, kuma kar su zama iri ɗaya.

Kalmar waifai tana ɗaukar harafi 8 zuwa 63, dan Allah banda lambar wayar maigida banda sunan auta da shekarar haihuwarsa, waɗannan su ake fara gwadawa. Ki haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ki sa lamba a tsakani, in ma da Hausa ne ya fi. A wajen zaɓen nau'in tsaron waifai ki zaɓi WPA2, in akwai WPA3 ya fi, shi ne sabo tun 2018, amma tsohuwar kwamfutar yara ba lallai ta gane shi ba don haka in ta ƙi hawa ki koma WPA2. In kin ga WEP ki guje shi, an daɗe da fasa shi. Sai WPS, wato hanyar hawa waifai da lamba ko danna maɓalli ba tare da kalmar sirri ba, shi ma ki kashe, tun 2011 aka gano lambarsa tana da saukin cankowa.

Kina gama canzawa kowa zai faɗo, har ke, sai ki sake haɗa na gida ɗaya bayan ɗaya. Da daddare ki koma cikin saitin ki duba jerin na'urorin da ke kai ki ƙirga, in kayan gidanki bakwai ne kika ga goma sha biyu kin san akwai sauran magana.

Yanzu ga wanda ya fi damuna a wasiƙarki, wato kwamfutar yara. Eh Hajiya, zai iya tsallakawa. Duk na'urorin da ke kan waifai ɗaya kamar mutanen da ke falo ɗaya ne, suna ganin juna suna iya taɓa juna, rautar tana tare baƙo daga waje amma ba ta raba na ciki. A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta wannan hanyar ta bi, ta ƙofar da Windows ke musayar fayil tsakanin kwamfutoci, ta shiga ɗaya sai ta bi sauran da ba a sabunta ba ta kulle fayilolinsu ta nemi kuɗin fansa, har aiki a wasu asibitocin Ingila sai da ya tsaya. Ki duba wace Windows ce a kan ta yaran. In Windows 7 ce, Microsoft ta daina yi mata gyaran tsaro tun Janairu 2020, Windows 10 ma wa'adinta ya cika a Oktoba 2025. Tallan da ke buɗe kansa kuwa yawanci daga gem ɗin kyauta ne da aka sauko da shi ko filashin da ya zaga shagunan tura fim, ki kai a kwashe abin da ake so a wanke ta gaba ɗaya a sa sabuwa, ni dai ban yarda da goge-gogen sama-sama ba a irin wannan.

Ko an wanke ta ma yara yara ne, gobe za su sake sauko da wani abin. Don haka ki nemi inda aka rubuta Guest a saitin rautar ki kunna, zai ba ki waifai na biyu da sunansa daban da kalmarsa daban, datar ɗaya ce amma wanda ke can ba ya ganin na nan, in dai ba ki kunna zaɓin ba shi damar shiga na cikin gida ba. Kwamfutar yara da wayoyinsu da talabijin da baƙin da ke zuwa biki ko suna duk can, ke da maigida kaɗai a babban. In kalmar baƙin ta sake fita layi ita kaɗai za ki canza. In rautarki ba ta da wannan, ki shiga saitin waifai na laftof ɗinki ki mayar da shi Public maimakon Private, Windows za ta ɓoye shi daga sauran ta rufe musayar fayil.

Maganar data kuma ba duka laifin samari ba ne fa, kwamfuta uku kowace tana sauke sabuntawarta a ɓoye, ki kunna Metered connection, wato saitin taƙaita cin data, a kowace ta rage zarin, amma ki riƙa ware rana kina barinsu su sabunta. Rautar ma ki ɗauke ta daga taga mai kallon titi ki kai tsakiyar gida, kuma ki ɗora ta sama inda hannun yaro ba ya kai, don akwai ɗan rami a bayanta da in aka danna da tsinke na kamar daƙiƙa goma komai zai koma yadda ya zo daga kamfani, har kalmar da ke kan takardar nan. Ɗauke wuta kam ba ya goge saiti.

TAMBAYA: Malam ni da makwabcina muna so mu haɗa kuɗi mu riƙa sayen data tare a rautata, zai iya ganin abin da nake yi a manhajar banki? Daga wani ɗalibi, Rigasa.

AMSA: Ba zai ga lambar sirrinka ko kuɗinka ba ɗan'uwa, manhajojin banki suna kulle bayanan kafin su bar wayarka. Amma ka tuna sim ɗin da ke cikin rautar da NIN ɗinka aka haɗa shi, tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haka, in ya yi wata damfara ta layin, kai za a fara nema ka zo ka yi bayani. In ka san halinsa ka yarda da shi bismillah, ka sa shi a waifai na baƙi, kalmar shiga saitin kuma ta tsaya a wajenka kai kaɗai.