Yaƙinmu a Discord ya koma kasuwa

Tambaya: Salam Yaya, ni ke jan ragamar wasanmu na rubutu (kowa na taka rawar jaruminsa a labari ɗaya) a manhajar hira ta Discord mu shida, amma da an zo fagen yaƙi sai kowa ya hau rubutu lokaci guda, jiya ma wani ya rubuta wai ya sare kan dodon shi kaɗai tun sauran ba su hau onlayin ba. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikas salam ƙanena, ai dole, ba ka sa masu layi ba ne. Ari tsarin wasan taka rawar jarumai na Dungeons & Dragons na yanzu, kowa ya jefa dayis mai fuska 20, wanda ya fi maki shi zai fara, har dodon ma ka jefa masa nasa, akwai bot ɗin Avrae (mataimaki mai aiki da kansa a Discord) da zai riƙe maka layin ba sai ka yi ta lissafi ba.

Shi kuwa gwanin sare kai, gaya masa yunƙuri kawai zai rubuta, "na kai masa sara a wuya", kai ne za ka faɗi ko ya samu ko ya kuskure. Wanda awa 24 ta wuce bai ce uffan ba (ko data ce ta ƙare, ko barci) a ɗauka jaruminsa ya kare kansa ne kawai, a wuce na gaba.