Idan An Daina Kiranki Rawa da Waƙa

'Yata, kin ce kin haura shekara 30, furodusoshin da a da suke rububinki idan za a ɗauki waƙa yanzu yaran da suka shigo bayanki suke kira, kuma wani darakta ya yi miki tayin fitowa a uwar jarumi alhali jarumin sa'anki ne. Kina so ki san ko ki karɓa, da kuma abin da ya rage wa mace a wannan sana'a ta finafinan Hausa idan shekaru suka ja.

Ki karɓa. Amma bari in fara nuna miki dalilin da ya sa wayarki ta yi shiru, don kada ki ɗauka wani ne ya yi miki asiri ko kin yi laifi. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, 'yan wasa daga kulob-kulob na dirama suka fito, kuma magana ce jarinsu. Sai wajen shekarar 2000, bayan fim ɗin Sangaya ya yi kasuwa, rawa da waƙa suka zama abin da ke sayar da fim. Ɗan kasuwar fim a Ƙofar Wambai ta Kano waƙar zai fara dubawa kafin ya tambayi labari. Kin kuma san muryar da ake ji ba ta jarumar ba ce, ta su Fati Nijar da Maryam Sangandale ce, jaruma bin baki take yi. To abin da take sayarwa a waƙa fuska ne da motsin jiki, shi kuwa mai kallo kullum sabuwar fuska yake nema. Mawaƙiyar da ke situdiyo tana iya shekara 20 tana rerawa, wadda ke gaban kamara kuwa 'yan shekaru kaɗan gare ta. Haka tsarin yake tun kafin ki zo.

Abin da zai sanyaya miki rai shi ne kasuwar ta juya, kuma wajenki ta juyo. Faifan CD ya mutu, satar fasaha da tura fim a waya suka kashe shi. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, daga baya YouTube ya cika da shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina. Shiri mai dogon zango ba ya tsayuwa a kan saurayi da budurwa kaɗai, don soyayyar mutum biyu ba ta cika sati 50. Dole a buɗe gida: uwa, kishiyar uwa, suruka, goggo, yayar miji, ungozoma, dillaliya, Hajiyar da ke riƙe da dukiya, matar da ke neman kujerar siyasa. Waƙa kuwa a irin waɗannan shirye-shirye ta ragu ƙwarai. Budurwar labarin ana iya aurar da ita ko a kashe ta a zango na biyu, uwar gidan tana nan har a rufe shirin.

Sai dai fitowa a uwa aiki ne da ake koya, kuma a nan nake so ki tsaya sosai. Yara da yawa suna zaton da an shafa musu farar hoda a gashi an ɗaura musu ɗankwali babba shi ke nan sun zama uwa. Mai kallo yana gane su tun daga tafiya. Ke da kika saba rawa, jikinki ya saba da sauri da karairaya, yanzu sai kin koya masa nauyi. Babbar mace ba ta zama lokaci guda, tana dafa wani abu tukun. Ba ta juyowa da sauri idan an kira ta. Idan ranta ya ɓaci sau da yawa muryarta ƙasa take yi, ɗakin kuma ya yi tsit. Wannan ba a lokeshan za ki samo shi ba. Ki je gidan suna, gidan biki, zaman makoki, layin awo a asibiti, ki zauna kusa da manya ki yi shiru. Ki lura da yadda uwa take kauce wa kiran sunan ɗanta na fari, yadda suruka take faɗar magana tana kallon wani waje alhali da matar ɗanta take, yadda ake yin gaisuwa mai tsawo kafin a taɓo abin da ya kawo mutum. Kunya da kara da habaici su ne kayan aikinki yanzu.

Ki kuma gyara bakinki. Kin san yadda muke aiki: sau tari darakta zai gaya miki abin da sin ɗin, wato fitowar da za a ɗauka, ya ƙunsa ne kawai, ya ce a ɗauka. Budurwa tana iya tsira da murmushi, uwa kuwa dole ta cika wurin da magana mai ma'ana, da karin magana a inda ya dace, ba a jera su kamar ana gasa ba. Idan kika iya juya harshe zuwa Sakkwatanci ko Katsinanci ko Hausar Damagaram ba tare da kin mayar da shi abin dariya ba, kin ƙara wa kanki ƙofa. Sannan ki koyi sauraro. Kamara tana kan fuskarki lokacin da ɗanki na fim yake magana, kuma rabin wasan uwa a wannan shirun yake.

Kada ki guji fitowa a muguwa. Na san abin da kike tsoro, mutanenmu suna haɗa ɗan wasa da halin da ya fito da shi, har a kasuwa a yi maka kallon banza. Amma dubi marigayiya Saratu Gidado, Daso, wadda Allah ya yi wa rasuwa cikin azumin 2024. Fitowa a masifaffiyar mace ta riƙe ta mayar da shi nata, har ya zama idan marubuci yana rubuta irin wannan matar ita yake gani a ransa. Uwa mai haƙuri da addu'a kowa yana iya yin ta, shi ya sa ake saurin maye gurbinta. Macen da mai kallo yake jin haushinta amma ya kasa ɗauke ido daga kanta, ita ce ba a samun madadinta.

Akwai kuma aikin murya, wanda yara suke rainawa. Situdiyoyin da ke fassara finafinan Indiya zuwa Hausa kullum suna buƙatar muryar mace babba. Ga wasan kwaikwayon rediyo, ga tallace-tallace, ga saƙonnin wayar da kai kan rigakafi da awon ciki da karatun 'ya'ya mata, inda muryar uwa ta fi ta budurwa shiga kunne. Makirfo ba ya ganin furfura, kuma aikin a zaune ake yin sa, babu tsayuwar rana.

Dandali a wajenmu ƙarami ne, ba zan ɓoye miki ba. Galar sallah da tafiye-tafiyen wasa zuwa Maraɗi da Yamai na masu tashe ne. Abin da ya rage wa babba shi ne taron mata. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta riƙe filin biki da ƙwaryar amada har tsufanta, ta rasu a 2013 ana kan neman ta, domin a gaban mata shekaru daraja suke ƙara wa mai wasa. Ke da kika iya waƙa kika iya tsayuwa gaban jama'a, jagorancin kamu da walima sana'a ce mai kawo kuɗi. Haka wasan wayar da kai da ake kaiwa ƙauyuka, wanda sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya daɗe yana yi, yana buƙatar mace da matan karkara za su yarda su zauna su saurara.

Bayan kamara ma wuri ne. Rahama Sadau da Mansura Isa sun shirya finafinan kansu, Hadiza Gabon ta buɗe shirin hira a YouTube. Amma ina roƙonki kada ki kwashe abin da kika tara ki zuba a fim ɗinki na farko. Kuɗin YouTube a hankali yake zuwa, kuma sai an riƙa zuba sabon shiri kowane sati kafin tasha ta tsaya da ƙafarta. Ki fara da zama kusa da mai kwantiniti, wato mai lura da kada sutura da kayan wasa su saɓa daga sin zuwa sin, ki ga yadda ake lissafin sutura da ranakun ɗauka, ki zauna da edita. Idan kina da labari, ki rubuta. Mafi yawan masu rubuta mana matan fim maza ne, shi ya sa uwar fim take yawan fitowa ko dai waliyyiya ko mayya. Matar da ta zauna a tsakar gida ta fi su sanin abin da ke tsakani.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce take hana ni barci a kanku. A 2022 Hajiya Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa akwai ranar da ake sallamar ta da naira 2,000 zuwa 5,000, bayan ta shafe rayuwarta tana wasa. Aka yi ta cece-kuce, masu shirya fim suka ce ai gwargwadon sin ɗin da mutum ya yi ake biya. To a nan ramin yake. Jaruma ana yin cinikinta a dunƙule, uwa kuwa ana kiran ta ta yi sin biyu a sallame ta a bakin mota. A Nijar ma haka ta faru da Zalika Souley, wadda ta fara fim a 1966, ta fito a fim ɗin Umaru Ganda da ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972, amma da harkar fim ta durƙushe a ƙasar sai da ta tafi Amurka aikatau. Ta rasu a 2021. Wannan sana'a ba ta da fansho, ba ta da asibiti.

Saboda haka tun yanzu da sunanki yake da zafi za ki kafa farashinki na uwa, don farashin da kika fara karɓa shi zai bi ki. Kafin ki ce to, ki tambayi sin nawa ne, kwana nawa za a yi, wa zai biya kuɗin mota, wa zai kawo sutura, tunda atamfa da leshin Hajiyar fim sau da yawa daga akwatinki za su fito. Idan shiri mai dogon zango ne, ki yi ciniki a kan zango, tare da sharaɗin ƙari idan an shiga na gaba. A rubuta a takarda, ku sa hannu, a ba ki rabi kafin a fara ɗauka. Ki sabunta rajistarki da ƙungiyar 'yan wasa da Hukumar Tace Finafinai ta Kano, domin ranar da aka hana ki haƙƙinki, wannan katin ne zai ba ki wurin kai ƙara. Kuma daga kuɗin kowane zango ki cire wani abu ki zuba a adashi ko ki fara biyan fili kafin ki taɓa sauran.